Gwano Ba Ya Jin Warin Jikinsa: Ɗan Karta Da Kuɗin Bijimi

  

Yau maganar karta za mu yi, kuma akwai dalili. Wani ɗan uwana, ba zan kama suna ba, ya kai bijimi kara ranar kasuwa ya sayar da daraja. Mota ba ta tashi ba sai da safe, sai ya kwana a tasha. Da dare ya tarar da wasu sun shimfiɗa tabarma suna buga karta da kuɗi, ya ce bari ya taɓa kaɗan. Kafin kiran assalatu rabin kuɗin bijimi ya tafi. Da na je yi masa jaje, abin da ya ce da ni ya fi asarar ba ni tsoro. Cewa ya yi: "Ai na fi su iyawa, sa'a ce kawai ba ta zo ba. Mako mai zuwa zan rama."

To, me ke sa wanda bai iya ba ya kasa ganin bai iya ba?

Mu ɗauki wasan da Turawa ke kira foka, wanda yanzu ya shigo wayoyin samarinmu. Kati 52 ne. A irin wanda aka fi bugawa, ana raba wa kowa kati biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya, kowa ya zuba kuɗi gwargwadon yadda yake ganin ƙarfin hannunsa. Masu lissafi sun auna abin tsaf. Hannu mafi ƙarfi da za a fara da shi, wato as guda biyu, in ya haɗu da ɗaya daga cikin mafi rauni, bakwai da biyu, mai raunin yana yin nasara kusan sau ɗaya cikin takwas. Kun ji inda gizo ke saƙa. Mutum zai yi wauta tsantsa, ya zuba kuɗi inda bai kamata ba, kuma ya kwashe. Daren nan zai kwana yana ganin kansa gwani, alhali kuskurensa aka biya shi.

Ku kwatanta da kokawa. In ka shiga fili da wanda ya fi ka, bayanka zai taɓa ƙasa a gaban jama'a, kuma ba wanda zai tsaya yi maka bayani. Haka kiwo. In ka kai garke mummunar makiyaya, kwana kaɗan za ka gani a haƙarƙarin shanu da ƙwaryar nono. Karta ba ta yi wa mutum wannan adalcin. Yau ta mare ka kana da gaskiya, gobe ta ba ka kyauta kana kan kuskure, har ka rasa wanne ne darasi.

Dalili na biyu, masana sun yi bincike a kansa. A shekarar 1999, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, David Dunning da Justin Kruger, sun yi wa ɗalibai jarrabawa a kan nahawu da tunani na hankali da gane abin dariya, sannan suka tambayi kowa inda yake ganin ya tsaya cikin 'yan uwansa. Waɗanda suka zo can ƙasa, da a haƙiƙa ba su wuce mutum 12 cikin 100 ba, sun ɗauka sun wuce mutum 62. Bayanin da masanan suka bayar shi ne, ilimin da ake buƙata a yi abu daidai, shi ne dai ilimin da ake buƙata a gane an yi kuskure. Wanda bai san shekarun sa ta haƙori ba, in dillali ya sayar masa da tsoho a matsayin matashi, da murna zai koma gida. Kuma da aka koya wa wasu daga cikin ɗaliban nan hanyar warware tambayoyin, sai a lokacin suka fara gane yadda suka yi rauni a baya.

Na uku, zuciya tana da son kai wajen ajiye labari. Daren da ɗan karta ya ci, ya san ranar, ya san wanda ke zaune kusa da shi, zai ba da labarin shekara guda. Darare goman da aka cinye shi kuwa, kowanne da uzurinsa: yau barci nake ji, jiya wani ya yi mini baki, shekaranjiya katin ne bai zo ba. Ci nasa ne, faɗuwa ta sa'a ce. Da wannan lissafi ba wanda zai taɓa faɗuwa jarrabawa.

Na huɗu, kuma a nan nake so 'yan kasuwa su buɗe kunne: waɗanda ke zaune da kai ba su da riba in ka gane. Gwanayen foka suna da sunan da suke kiran marar iyawa, kifi suke ce masa. Ka taɓa ganin masunci ya kori kifi daga bakin koma? In ka ci sau ɗaya su ne za su fara tafa maka, su ce kai, Alhaji, hannunka da zafi. Mai wurin kuma, ko tabarma ce ko manhajar waya, yana cire la'adarsa daga kuɗin da aka tara, ko wa ya ci. Shi kaɗai ne ba ya kwana da asara.

Sai kuma labaran da ake yi mana talla da su. A 2003 wani akawu ɗan Amurka mai suna Chris Moneymaker, wanda ba sana'arsa ba ce, ya ci babbar gasar foka ta duniya a Las Vegas, ya tafi da dala miliyan 2 da rabi. Labarin ya zaga duniya, dubban mutane suka ce in shi ya iya ni ma zan iya. Amma mutum 839 ne suka shiga gasar, kujera ɗaya dala 10,000, kuma mafi yawansu hannu rabbana suka koma. Su ba a hira da su.

Malamanmu sun daɗe da faɗa mana hukuncin caca a addini, kuma ba ni da abin ƙarawa a kan nasu. Abin da zan ƙara na lissafi ne. Kai da ke cewa kana ci, ga gwaji mai sauƙi. Ka zauna da ɗan littafi, ka koma baya wata uku, ka rubuta abin da ka shiga da shi da abin da ka fita da shi kowane zama, jika nawa, naira nawa, har wanda ka ranta. In ba ka rubutu, ka sa yaro ya rubuta, ko ka ƙirga da dabbobi: akuya nawa ta fita daga garke tun da ka fara? In ka ji zuciyarka ba ta son a yi wannan lissafi, to ka riga ka san amsar.

Wannan littafin zai yi wa wanda bai taɓa riƙe karta ba amfani shi ma. Da yawa cikinmu mun taɓa sayen wake ko albasa, farashi ya tashi don wani dalili da ba mu sani ba, muka ɗauka mun gama sanin kasuwa, shekara ta gaba muka zuba jari duka. A rubuta, a kuma nemi dattijon da ba ya cin komai a jikinka ya faɗa maka gaskiya.

Ɗan uwan nawa kuwa, mun zauna mun yi lissafin tare. Da muka kai kan tumaki biyu da ya sayar kafin bijimin, sai ya yi shiru, ya ce in rufe littafin. Kasuwa uku ke nan yana kwana gidan wani kawunmu maimakon tasha. Ku taya shi da addu'a.