Azurfa ta yi baƙi: yaya za a yi?

Ƴan uwa masu saurare, musamman mata na ajin yaƙi da jahilci. Yau zancenmu na azurfa ne: zobe, munduwa, ƴan kunne, da abin wuya irin na maƙeran Agadas.

Mace ta buɗe adaka ta ga munduwarta ta yi baƙi, sai ta ce maƙeri ya cuce ta. A'a. Azurfa ta gaskiya ma tana baƙi. Farar wuta ce ke kama ta, kuma akwai ta cikin hayaƙi, da ƙwai, da albasa, da roba. Gumi da laimar damina suna ƙara saurin abin.

Kada ki dirje ta da rairayi ko toka kamar tukunya. Kowace dirza tana cin azurfa, zanen maƙeri ya shafe, nauyi ya ragu. Ranar da buƙata ta taso aka kai ta kasuwa, nauyin nan ake biya. Ruwan jabel kuwa, ko kusa! Ƙara mata baƙi zai yi.

Idan dauɗa ce kawai, ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Idan baƙin ya kama sosai, ki samo tsohuwar tukunyar sanholo. Ki jiƙa kanwa, ki tace don kada yashi ya shiga. Ki zuba ruwan kanwar cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa, da cokali 1 na gishiri. Ki saka azurfar ta taɓa gindin tukunya, don sanholon ne ke janye farar wutar. Za ki ji ɗan wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, aikin ke nan yana ci. Bayan minti 5 ki tsame, ki ɗauraye, ki goge ta bushe sarai.

Amma abin da ke da fata, ko itace, ko dutsen ado, kada ya shiga tukunyar nan. Haka wanda maƙeri ya baƙanta cikin zanensa da gangan, baƙin nan shi ne kyansa.

Wajen ajiya, kowane ɗaya da ƙyallensa na auduga, cikin gwangwani mai murfi, da ɗan gawayi a gefe. Ban da ɗaurin roba.

Tun da kin iya rubutu yanzu, ki sa maƙeri ya auna miki kowane ɗaya, ki rubuta sunansa da giram nasa cikin littafinki. Ki kawo shi aji mu duba tare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.