Jawabin Sallamar Ɗalibai Masu Tafiya Aikin Karkara, Gumbihini, Tamale

 

Mun taru yau a Gumbihini domin sallamar 'ya'yanmu da za su shiga ƙauyuka. Tafiyar nan tana da asali. A 1992 aka kafa jami'ar UDS a nan Tamale domin ilimi ya amfani talakan arewacin ƙasar nan, ta kuma ware zango na uku na shekarar karatu don ɗalibi ya zauna cikin jama'a, ya ci tuwonsu, ya sha ruwan rijiyarsu. Ga shi yanzu jami'o'in Turai da Amurka ma suna turo nasu.

Sai dai akwai wani gado na mulkin mallaka da muke roƙonku, ɗalibai, ku ajiye a bakin gari: tunanin cewa baƙo ne mai sani, ɗan gari kuwa mai jiran agaji. Ƙasar nan ba ta taɓa rasa malamai ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya karantar a Salaga da Kete-Krachi, ya yi rubutu da Larabci da ajami har ya rasu a 1934. Makaɗan Dagbon, wato lunsi, suna riƙe da salsalar sarakuna a ka.

Ku zauna kusa da mai man kaɗe. Ta dafa ƙwarar, ta shanya, ta fasa, ta soya, ta niƙa, sannan ta yi ta bugun ƙullun da hannu tana zuba ruwa kaɗan-kaɗan har man ya taso fari. Hannunta ne ke gaya mata ruwan ya isa. Ku tambayi manomi dalilin da ya sa yake share gona amma ya bar kaɗanya da ɗorawa a tsaye. Matambayi ba ya ɓata.

Amana uku muke ba ku. Ku nemi izinin sarki da dattawa kafin ku buɗe littafi. Duk wanda ya koya muku abu, ku ambace shi a rahotonku a matsayin malami, idan ya yarda. Sannan ku koma garin ku karanta wa mutane abin da kuka rubuta da harshensu, Dagbanci ko Hausa, su gyara muku kafin ya kai teburin jami'a.

Muna godiya ga iyayen da za su ba ku masauki. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a karatunku.