Girman Inji A Tsofaffin Motocin Akori-Kura

Jawabi domin masu motocin ɗaukar kaya na Babban Giji da Gyadi-Gyadi da Tarauni

Jama'a, galibi wanda ya je cinikin tsohuwar akori-kura fenti ya kan duba, da taya, sa'an nan ya taya. Girman injin kuwa, wanda shi ne zai ci kuɗinsa kullum, ba safai ya kan tambaya ba.

Abin da a ke nufi da girman inji shi ne faɗin wurin da fistin ke hawa da sauka a cikin silinda, in an haɗa na silindojin duka. Da cc a ke auna shi, cc 1,000 kuwa lita ɗaya ke nan. Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, silinda huɗu gare ta, cc 1,618, watau kowace silinda ta ɗara cc 404 kaɗan. Dace ne kawai, ba daga nan sunan ya fito ba. Da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, 404 da ƙanwarta 504 suka cika ƙasar nan. Injunan fetur na akori-kurar 504 ba su wuce cc 1,971 ba. Da ɗan wannan aka yi shekaru ana jigilar hatsi daga Dawanau da kayan miya daga 'Yankaba.

Manyan akori-kura na Amurka wani sha'ani ne dabam. A can da inci a ke lissafi a dā, inci guda na ciki kuwa wajen cc 16.4 ne. Saboda haka injin Chevrolet mai silinda takwas da a ke kira 350, wanda ya fito a 1967, lita 5.7 ne, ya ninka na 404 sau uku da rabi. Na Ford mai silinda shida a jere, 300, lita 4.9 ne, an yi ta sa shi a motoci daga 1965 har 1996. Injuna ne masu jimiri ƙwarai, ba sa wahala in an ɗaura musu tirela. Amma an yi su ne don ƙasa mai doguwar hanya da fetur mai araha. Babban inji ko yana tsaye a cunkoson titin Zariya sha ya ke yi, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023 kuwa kowace lita da zafinta. Kayan 404 ana samu a Ƙofar Ruwa, na 350 sai an yi cigiya.

Kada kuma mai ƙaramin inji ya ce ya tsira. Lodin 404 bai wuce tan ɗaya ba, watau buhu goma na masara. In aka jibga mata ashirin cikin zafin Afrilu, ruwan lagireto ya tafasa, kan silinda ya lanƙwashe, ribar wata uku ta tafi gareji. Wasu su kan sauya mata inji mafi girma, su manta burki da sifirin na dā ne. Motar za ta ja, tsayawa ce ba ta iyawa.

Har wa yau, mota mai shekara arba'in da wuya ta kasance da injinta na asali. Lalle mai saye ya tafi da bakanikensa, a goge baƙin mai, a karanta lambar da ke jikin injin, a gwada ta da wadda ke cikin takardu kafin a ƙirga kuɗi.