Filasko da Maganin Sinawa: Hira a kan Taurin Ciki

 Yau za mu yi magana a kan ciwon da mutane ke jin kunyar faɗi, wato taurin ciki. In mutum bai zagaya bayan gida sau 3 a mako ba, kuma sai da yunƙuri, har abin ya ɗauki watanni, to ya zama ciwo.

A kasuwanninmu ana tallar ganye cikin ƴan fakiti, ana cewa maganin Sin ne. Shin yana aiki?

Sinawa sun daɗe da sanin wannan ciwo. Wajen shekara 1,800 da suka wuce, wani likitansu ya rubuta wani haɗi mai suna Ma Zi Ren Wan. Tsiro 6 ne a cikinsa. Akwai ƴaƴan tsiro masu maiƙo, su ke tausasa kashi. Akwai wata saiwa mai ɗaci, ita ke motsa hanji. A shekarar 2011 likitoci a Hong Kong suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi masa a kan mutum 120, mako 8. Rabinsu aka ba su haɗin, rabi kuwa abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki. Cikin masu shan haɗin, kamar 4 cikin 10 suka samu sauƙi. Cikin sauran, ko 1 cikin 10 ba a kai ba. Ashe yana taimako, amma ba ga kowa ba.

To, ku saurara da kyau. Abin da ke motsa hanji cikin saiwar nan, irinsa ne ke cikin filaskonmu, wannan da ke fitowa a bakin gona. Sinawa ma suna shan ganyen ɗan'uwansa. In ka jiƙa kaɗan ka sha da dare, sai da safe zai yi aiki. Kada ka ce bai kama ka ba, ka ƙara. In ya yi yawa sai murɗar ciki da zawo, ruwan jiki ya ƙare. Kada a wuce kwana 7 ana sha. Kada a ba ƙaramin yaro. Mai juna biyu ta tambayi unguwarzoma tukuna. Fakitin kan tebur kuwa, wanda ba ka iya karanta rubutunsa ba, ni dai a ganina ka bar shi, don ba ka san yawan abin da ke ciki ba.

Filasko na ranar matsuwa ne. Na kullum yana cikin tukunya: wake, miyar kuka, kuɓewa, zogale, kunun tsamiya. Uwargida, kada a surfe hatsi har dusa ta fita ƙaf, hanji na son ta. Ruwa kuma, ko da yake ɗaukarsa da wuya a ƙasar Adar lokacin bazara, a sha tun kafin ƙishi ya kama. In bayan gida ya zo, kada a riƙe shi.

Amma in ka ga jini, ko kana ramewa, ko ciki ya kumbura da amai, ko tsoho ne abin ya same shi farat ɗaya, kada a sha kome. A tafi likita ran nan.

Kafin karatun gobe, kowa ya rubuta cikin kayensa sunan ganye 3 da ake miya da su a gidansu, ya kawo wa malami.