Haya a Garuruwan Jami'a da Darasinta ga Madekali

Batun da ke gabanmu shi ne tsadar ɗakin haya a garuruwan da jami'a ta raya, batun da ya shafi kowane magidancin Madekali da sauran gundumar Malanbil ta Jamhuriyar Benin da ya tura ɗansa karatu Paraku. Jami'an gwamnati sun saba ɗora laifin a kan kwaɗayin masu gidaje da dillalai, alhali tushen matsalar shi ne hukuma na buɗe makaranta ta ɗebi ɗalibai dubbai ba tare da ta yanka filaye ko ta gina ɗakunan kwana ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana Samaru ta Zariya. Kafin 1962, lokacin da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru ƙaramin wuri ne da aka sani da tashar binciken aikin gona, amma da yawan ɗalibai ya zarce abin da ɗakunan jami'ar za su ɗauka, sai gonaki suka koma gidajen haya, gini ya bazu zuwa Hayin Dogo da Zango da Palladan, yawancinsa kuwa ya riga hanya da magudanar ruwa da famfo zuwa. Mai gida da ya san ɗalibai goma na neman ɗaki ɗaya ba ya buƙatar gyara masai ko haƙa rijiya, kuma yana iya neman kuɗin shekara guda a dunƙule. Yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna ɗaya fuskar lamarin, domin ɗalibai sun biya hayar ɗakunan da ba su kwana ciki ba, masu shaguna da masu abinci suka rasa ciniki, unguwar da ta dogara ga ɗan haya iri ɗaya ta tsaya cik. Mutanen Malanbil sun san irin wannan tsayawar ciniki tun da aka rufe gadar da ta haɗa su da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Paraku, wadda aka kafa jami'arta a 2001, ta bi wannan sawu a unguwanni irin su Banikanni. Masu kare manufar gwamnati sukan kafa hujja da dokar haya ta ƙasarmu ta 2018, wadda ta taƙaita kuɗin ajiya, wato abin da ɗan haya ke bayarwa jingina kafin ya shiga, zuwa na wata uku. Dokar tana da kyau a takarda, sai dai ba ta ƙara ɗaki ko ɗaya ba, kuma ɗalibin da ya sauka daga mota da jakarsa ba zai kai mai gida ƙara ba.

Saboda haka wajibi ne ma'aikatar magajin garin Malanbil ta yanka filaye a tudu, nesa da fadamar da kogin Kwara ke mamayewa, ta kai musu hanya da ruwa kafin a ɗora tubali, ta kuma sauƙaƙa samun takardar mallaka bisa dokar filaye ta 2013, domin mai takarda ne banki ke ba rancen gini. Haka nan kada a amince da buɗe wata babbar makaranta a wannan yanki sai an ga kasafin ɗakunan kwanan ɗalibanta a rubuce.