Dattijo Mai Taɓin Hankali da Tafiyar Safe

A wasu gidaje na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum akwai dattijon da ya tsufa da lalurar da likitoci ke kira sikizofiriniya, mai sa mutum jin muryoyin da babu su, wanda danginsa, saboda tsoro da kunya, suka killace shi a ɗaki, har ƙafafunsa suka yi sanyi, darensa ya koma rana. Alhali kuwa magungunan wannan ciwo, irin waɗanda ake bayarwa a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, duk da ɗimbin fa'idarsu, sukan jawo ƙiba da kasala, har su buɗe ƙofa ga ciwon sukari. Wanda ya yini kwance kuwa da wuya ya sami barcin dare, rashin barci kuma yakan ƙara waswasi da ɓacin rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci wanda ya kai shekara 65 da ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Haƙiƙa ta'addancin 'yan bindiga ya raba mutane da gonakinsu, inda a da jiki ke motsawa ba sai an ce a yi ba, amma takawa zuwa masallaci tare da jika, da share ƙofar gida da hantsi, da taƙaita ƙailula, duk suna cikin ikon iyali. Magani kuwa kada a dakatar da shi sai da izinin likita.