Jawabin Ranar Ƙungiya: Barkono da Attaruhu a Tsakar Gida

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa da baƙinmu, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Kwamiti ya ce in yi magana kan shuka barkono a gida, aka kuma ja mini kunne cewa abinci na jira, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Duk mai ɗora tukunya a nan ba ta manta da 2024 ba, daga watan Mayu zuwa Yuli, lokacin da attaruhu ya zama sai a ƙirga maki shi ɗaya-ɗaya. Waccan shekarar ta fi tsanani ne kawai, amma kusan kowace shekara haka ake yi. Kayan noman rani sun ƙare, na damina ba su iso ba, sai Yankaba ta yi tsada, mai kayan miyan unguwa ya ɗora nasa. To barkono ba kamar gero ba ne da ake girbewa a gama. In yana samun ruwa, gindi ɗaya zai wuce shekara yana ba ki 'ya'ya. Na gona yana mutuwa ne don an daina ban ruwa. Naki na buhu, a bakin rijiya, shi zai riƙe ki a waɗannan watanni.

Maganar duk tana wurin iri, nan zan ɗan daɗe. Ki zaɓi wanda ya nuna ya yi ja sosai, mai tsoka, ba tabo. Ɗanye kore irinsa bai ƙosa ba. Ki tsaga, ki kankare 'ya'yan a kan takarda, ki shanya a inuwa kamar kwana 5. Busasshen barkonon kasuwa, wanda aka shanya a kan kwalta cikin rana, sau da yawa ba ya tsirowa da kyau. Kafin ki wahalar da kanki, ki gwada: ki naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ki riƙa yayyafa masa ruwa. In 7 ko 8 suka fasa, irinki mai kyau ne. In biyu ne, ki nemi wani. Kuma don Allah a wanke hannu kafin a ɗauki goyo, kun san dalili.

Wata za ta ce ai ta sayi na fakiti. Madalla. Amma in an rubuta F1 a jikinsa, haɗin aure ne, 'ya'yansa ba lallai su biyo uwar ba, kada ki ajiye iri daga gare shi.

Sai reno. Tsohuwar roba ko kwano mai huda ya isa. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi. Kada zurfin ya wuce rabin gaɓar yatsa. Ki rufe da busasshiyar ciyawa, da zarar ya leƙo ki ɗauke ta. Barkono kan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Attaruhu ya fi shi nawa, a sanyin hunturu yana iya kai mako uku, kada ki zubar ki ce ya mutu. Abin da ya fi kashe shi a nan shi ne yawan ruwa, sai ki ga ya ruɓe daga gindi ya kwanta. Danshi yake so, ba taɓo ba.

Bayan mako 5 ko 6, in ya yi ganye kamar shida, ki dasa da yamma, gindi ɗaya a buhu ɗaya, ki huda ƙasan buhun. Wadda ta zuba iri a Janairu, za ta fara tsinka wajen Mayu. Sai dai zafin Afrilu yana kakkaɓe fure, don haka a sa buhun inda zai sha ranar safe, ya samu inuwa da azahar. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun ishe shi, ban da mai sabulu. Kaji da awaki kuwa, tsohon gidan sauro maganinsu ne.

In kin ga ƙananan ƙwari a bayan ganye, ki daka ganyen darbejiya, ki jiƙa ya kwana, ki tace ki fesa da yamma. Wanda ganyensa ya murɗe ya ƙanƙance gaba ɗaya, a tuge shi kafin ya shafa wa sauran.

Yanzu roƙona ga kwamiti. Tunda mun iya adashin kuɗi, mu gwada adashin iri. Mata biyar masu wuri su yi reno, a raba wa kowace mamba gindi 5, ita kuma in ta tsinka ta dawo da cokali ɗaya na busasshen iri a cikin kwalba, a rubuta sunanta a littafi. Mai so ta ga sakatariya kafin a tashi, kuma a zo da buhuna taron wata mai zuwa.

Allah ya ƙara haɗa kanmu.